Shafukan da Ka Tsallake

Kwarbai, Birnin Zariya

Malam,

Assalamu alaikum. Allah Ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma wa zan kai wa ƙorafi in ba wanda ya jawo shi ba?

Gida lafiya, sai katangar baya da ta zube da damina. Maganar autarmu Bilkisu ce ta sa na ɗauki biro.

Kai ka koya mata son littattafan Turancin nan na jiragen da ke zuwa taurari da ƙasashen da Allah bai halitta ba. Kullum bayan la'asar kana karantawa kana mayar mata da Hausa, ni ina gefe ina tankaɗe. Ban taɓa jin kalmar banza ba. Shi ya sa da ta shiga aji uku na sakandare na miƙa mata makullin akwatin littattafanka, hankalina kwance.

Ranar Talata na buɗe ɗaya a kan gadonta. Innalillahi! Matuƙin jirgin ashar yake zubawa kamar ɗan tasha. Gaba kaɗan kuma ga shi da wata mata, abin ba ya rubutuwa. Ashe tsallakewa kake yi? Shekara nawa kana tace labari da baki, ka kasa gaya mini?

Na kulle akwatin, na tafi Sabon Gari wajen masu tsofaffin littattafai neman masu tsabta. Mai rumfar bai karanta ko ɗaya ba, bango kawai yake nuna mini. Na zaɓi mai hoton dodo, shi ma cikinsa haka. Na sa tawadar allo na shafe wuraren, ta ɓulla baya ta cinye inda aka kashe dodon. Don Allah, mutumin da ya iya ƙago duniya sukutum, ya kasa sa wa mutanenta kunya?

Bilkisu ta daina tambayata littafi, kuma wannan ya fi damuna. Ƙawarta ta Gyallesu tana da irinsu, abin da aka karanta a ɓoye kuwa babu mai tace shi.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Na sha ce maka ɓata lokaci ne, alhali nakan sassauta rariya don in ji ƙarshe. Na gaya wa Bilkisu wannan, na kuma yi alkawarin duk wanda ta aro zan karanta tukuna, shafin da bai dace ba in ɗaure shi da zare, sauran nata ne.

Jiya ta ajiye mini ɗaya a cinya. Kaurinsa kamar bulo, kuma ranar Juma'a za a mayar. Ni da ƙamus muna shafi na talatin, idona na ruwa.

Na yafe maka, Malam, amma ban huce ba. Allah Ya jiƙanka, Ya kyautata namu zuwan.

Matarka,
Hajara