Tulu Mai Baki Biyu Da Na Ce Ya Fashe

Anti Hannatu,

Ki taimake ni da shawara, don wannan magana ba zan iya kai ta gaban zumuntar matan cocinmu ba, ni ce shugabarsu. Ba ni da al'adar kai kuka jarida. 'Ya'ya biyar na tarbiyyantar a Unguwar Boro cikin tsoron Allah, ba wanda ya taɓa kawo mini abin kunya.

Ta biyunsu, Scholastica, tana digiri na biyu a Zariya kan tarihin zane da sassaƙa da ginin tukwane. Tun farko ban so ba. Na gaya mata ƙawayenta sun zama nas-nas da malamai, ita ta zaɓi karatun gumaka, abin da bishara ta raba mu da shi. Ba ta ji ba. 'Ya'yan yanzu sai a hankali.

Makon jiya ta zo da hotunan tukwanen ƙasarmu da ta ɗauka a wani gidan adana kayan tarihi, ta baje su a tabarma. A cikinsu akwai ƙaramin tulu mai baki biyu, an yi masa ado da totuwar masara, bakin hagu a ɓantare. Katin da ke jikinsa ya ce ba a san wadda ta gina shi ba. Ta ce shi ne zuciyar kundinta, kuma nan da mako uku za ta tsaya gaban malamai da 'yan'uwanta ɗalibai ta bayyana cewa tulun biki ne, ango ya sha ta baki ɗaya, amarya ta ɗaya.

Anti, ni na ɓantare bakin nan da ludayi ina 'yar shekara shida.

Mu tagwaye ne. 'Yar'uwata ta rasu kafin a yaye mu. A garinmu, in aka haifi tagwaye, uwa kan gina irin wannan tulu, kuma mahaifiyata maginiya ce ta gaske. Duk kaka, in sabuwar acca ta shigo, sai ta dama kunu ta zuba ta baki biyun, ni in sha ta nawa, na hagu a bar wa marigayiya. Da na shiga makarantar mishan aka yi mini baftisma a 1954, sai na ɗauke tulun a ɓoye na kai wa wata Baturiya mai tara irin waɗannan kaya. Na ce wa mahaifiyata ya suɓuce mini ya fashe, na zubar da kaskon a rafi. Ba ta doke ni ba. Ta dai tambaye ni ta ina 'yar'uwata za ta riƙa sha. Daga ranar ba ta sake taɓa yumɓu ba, kuma har ta rasu duk kaka tana zuba kunu a ƙasa, daidai inda tulun yake zama.

Har gobe ina cewa matattu ba sa shan kunu, kuma ban yi nadamar bin Almasihu ba. Amma tun da na ga hoton nan, sau biyu ina dama kunu da rana tsaka sai in tarar na jera kofi biyu, alhali ni kaɗai ce a gida. Ran Lahadi ina tsakiyar waƙa tambayar mahaifiyata ta dawo mini da muryarta, har na rasa baitin.

'Ya'yana ba su san ni 'yar tagwaye ce ba. Ni da nake yi musu bulala kan ƙarya, ta yaya zan ce na yi wa uwata sata da ƙarya? In kuma na yi shiru, yarinyar za ta rubuta abin da ba haka ba, ya zauna a littafi. In faɗa ko in bari?

Uwa Mai Damuwa, Unguwar Boro

*

Mama,

Ki faɗa mata, kuma kada ki bari mako ukun su cika.

Na fahimci tsoronki. Mutuncin da kika yi shekaru kina ginawa a gidanki ba abin wasa ba ne, kuma ba wanda ya ce ki koma zuba kunu a tulu. Faɗin abin da mahaifiyarki ta yi ba bauta masa ba ne. Amma ki raba abu biyu da kika haɗa tun kina 'yar shekara goma sha wani abu: bangaskiyarki daban, ƙaryar da kika yi daban. Ba ta farkon ce ke jera miki kofi biyu ba.

Ki duba ɓangaren Scholastica ma. Aikin da kike kira karatun gumaka, neman gaskiya ne game da hannayen da suka yi abu aka manta da su. Ta yi kuskure ne don wadda ta sani ta yi shiru. In wani dattijon garinku ya gyara mata a bainar jama'a, daga baya ta gano kin sani, wannan zai fi yi mata ciwo fiye da laifin ƙuruciyarki.

Kada ki rubuta mata wasiƙa. Ki hau mota ki je Zariya, ki zaunar da ita, ki fara daga ludayin. Kina da ikon gaya mata abin da za ta sa a kundi da abin da zai tsaya tsakaninku; ɗalibar kirki za ta mutunta wannan. Tana iya yin fushi. Ki bar ta ta yi, kada ki rufe ta da wa'azi. In nauyin bai sauka ba, ki ga fastonki ke kaɗai.

Abu ɗaya na lura: kin ba ni sunan 'yarki da shekarar baftismarki, amma ba ki rubuta sunan mahaifiyarki ba, balle na 'yar'uwarki. Kin yi daidai, ba ni ya kamata in fara jin su ba. Akwai kati a jikin tulun nan da ya shekara talatin yana jiran sunan farko, akwai kuma yarinyar da ta cancanci jin na biyun daga bakinki.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya kai ki Zariya lafiya.

Anti Hannatu