Takalman Surukina a Bakin Ƙofa

Goggo Kalyan, ki taimake ni, don ban san wanda zan faɗa wa wannan magana in iya sake kallon idonsa ba.

Ranar wata Litinin ce, wata biyu ke nan. Na kwanta a ragar lilo a ƙarƙashin gidanmu, wanda ke bisa dogayen turaku, da littafi a hannu, 'yata Malis tana wasa a gefena. Farkawar da zan yi sai ga maƙwabciyarmu tsaye a kaina, riƙe da yarinyar jiƙe sharkaf. Daga kududdufin bayan gida ta tsamo ta. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce in riƙa kurkure baki kafin in shiga mutane. Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Shekarata ashirin da uku. Ban san ɗanɗanon giya ba sai da na haihu. Da aka kwantar da ni a gadon gora, garwashi a ƙasa, uwar mijina ta riƙa ba ni giyar shinkafa mai saiwoyi safe da yamma, wai jiki ya yi ɗumi, jijiyoyi su koma. Haka ake yi wa kowace mai jego a gidan. Su da sun gama jego suke ajiyewa, ni na zarce. Mijina Vannak yana aikin gini a Thailand, sai bikin sabuwar shekara yake zuwa. Ni kuma tun ina makaranta littattafan soyayya ne abincina, na ɗauka aure hira ce da kallon ruwan sama mu biyu. Sai ga ni daga ni sai wanke-wanke. Ƙaramin kofi ɗaya da shafi goma, sai in ji ni ce a cikin labarin. Yanzu kwalbar tana cikin buhun shinkafa, in ban sha da safe ba hannuna rawa yake yi.

Wata nas ta rubuta mini a takarda cewa masu son daina sha suna haɗuwa duk Alhamis da yamma a wani ɗaki bayan haikalin 'yan Buddha na ƙetaren kogi. Na ce wa surukata zan je sayen zare. Na haye gada, na gano ɗakin, na sunkuya zan cire takalmi. Goggo, cikin takalman da ke jere a bakin ƙofa har da na uban mijina. Ba zan kasa gane su ba, ni nake wanke su, maɗaurin hagu da shuɗiyar waya aka ɗaure shi. Mutumin da sai na rusuna nake wucewa ta gabansa. Shekara huɗu ina ganin fitarsa duk Alhamis, an ce mini sufayen haikalin yake taya shara.

Na juya gida, ranar na sha fiye da kullum. A littattafaina, nan ne wani yake zuwa ya ceci yarinyar. Ni babu mai zuwa. Ban san yadda zan shiga ban tona asirinsa ba, ban tona nawa ba. Amma na yanke shawara, Alhamis mai zuwa zan koma.

Mai jin kunya, daga Battambang

'Yata,

Ki koma, amma ki fara biyawa ta wurin nas ɗin nan. Ki faɗa mata yawan abin da kike sha da rawar hannun, kada ki rage komai. Wanda jikinsa ya saba haka ba ya yankewa rana ɗaya shi kaɗai, yana iya jawo farfaɗiya. Kuma daga yau, in kin sha ko kaɗan ne, Malis ta kasance a hannun wani babba. Wannan ba ya jiran Alhamis.

Batun surukinki, ina ganin nauyin da kike ji, kuma ba shirme ba ne. Ɗakin nan mafakarsa ce, ganinki ba zato yana iya sa ya daina zuwa, ke ma bakinki ya ƙi buɗewa a gabansa. To amma ki duba ta ɗaya gefen. A gidan nan kaf, babu wanda ya san abin da ke cin ki kamar shi. Ƙa'idar irin wannan zama kuwa ita ce abin da aka gani da abin da aka ji ba ya fita ƙofa.

Don haka kada ki faɗo masa kwatsam. Ki roƙi nas ta haɗa ki da mai buɗe ɗakin, shi ya sanar da dattijon a keɓe cewa wata daga gidansa tana neman shiga. In ya ji nauyi, ki tambayi wata ranar, ko zaman mata, ko wanda ake yi ta waya. In ya amince, ki shiga ki gaishe shi yadda kika saba, ki nemi wuri ki zauna. Ba dole ki yi magana a ranar farko ba, sauraro ma zuwa ne.

Uwar mijinki da niyyar magani ta ba ki, kada ki riƙe ta a zuci, amma ki sanar da ita cewa dole tulun giyar saiwoyin nan ya bar inda hannunki zai kai. Vannak kuma ya ji daga bakinki kafin ya ji a gari.

Kunyar da ta kai ki har ƙetaren kogi ta yi aikinta, kada ki bari ta tsayar da ke a waje. Ina yi muku fatan lafiya, ke da Malis.

Goggo Kalyan