Inda Mushin Ta Ƙare

Asabar, 6 ga Agusta, 2011
'Yata Raki ta bugo waya daga Birmingham. Wai aikinta na jami'a a kan ƙananan hukumomin Legas ne, tunda can na yi shekara ashirin in taimaka. Ni da na tsere daga makaranta a aji biyu! Ta ce guda ashirin ne. Na ce ni biyu na sani: inda Bahaushe ke sa hula, da inda yake cusa ta aljihu. Ta yi dariya. Sai ta tambayi inda Mushin ta ƙare, Surulere ta fara. Na ce caji ya ƙare.

Litinin, 8 ga Agusta
Ana fasa shaguna a Birmingham. Na ce wa Raki ko ƙofa kada ta leƙa.

Talata, 9 ga Agusta
Abin ya iso mana nan Manchester. Tun la'asar wuta a talabijin. Na cire hula, na ɗauko ƙarfen kwance taya, na laɓe bayan ƙofa, yadda muka yi a rikicin Idi-Araba ta Legas a 2002. Matata Asama'u ta ce, "Baban Raki, nan fa unguwar Whalley Range ce." Na ce haka muka ce a can ma.
Wani ya turo ƙofa, kai a rufe. Ban tambaya ba. Na maka masa ƙarfen.
"Dad!"
Gidaɗo ne, ɗana, daga wurin aiki. Na ji ƙarar ƙashin.

Laraba, 10 ga Agusta
Karaya biyu a hannun dama. Ya ce wa likita daga bene ya faɗo. Na ce masa aƙalla yanzu ya san tsohonsa da sauran ƙarfi. Bai dube ni ba. Ni dai jarumin banza ne.

Lahadi, 14 ga Agusta
Raki ta zo ta jirgin ƙasa, ta ga hannun, ta zauna. Ban san yadda bakina ya buɗe ba. Na faɗa musu akwai magudanar ruwa a bakin iyakar Mushin da Surulere, can aka cim ma ƙanena Sunusi da adda a rikicin Idi-Araba, yana kirana, ni kuwa na tsallake ban waiwaya ba.
Gidaɗo ya ce, da gurguwar Hausarsa, "Mene sunansa kuma?" Na maimaita. Ya matso da kujerarsa.
Yau ban yi barkwanci ko ɗaya ba. Gajiya ce, ina jin.