Wutar da Ta Rage a Cikin Mota

Zuwa ga 'yata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Tela maƙwabcina ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na hana shi gyara mini magana.

Na ga takardar da kika aiko in dangwala yatsa, wai a kafa na'urar cajin motocin lantarki a garejina, mota ta cika kafin direba ya gama shan ruwa. Ba zan dangwala ba. Shekara arba'in ina ɗora batir a caji ya wuni ya kwana, ban ga wanda jira ya kashe ba. Motar da yayanki ya rasu a kanta tana nan cikin tamfal, ba mai matsar da ita. Kullum da azahar sai ta yi ƙas, sau ɗaya.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Ƙarar nan ƙarfe ne ke miƙewa in rana ta take, ba komai ba. Baturan yanzu cikin 'yan mintuna suke cika, direbobin da suka guje ka za su dawo. Shekara uku kana zaune a kango kana sauraren mota! Kuma duk sanda na tambayi yadda Yaya ya rasu, sai ka ce kwana ne ya ƙare. Baba, ciki ɗaya muka fito da shi. Ka gaya mini.

Ka huta lafiya.
'Yarka

'Yata,

Bayan gaisuwa. Kin tambaya, to ki ji.

Mai motar yana sauri ranar. Ni na cire kan batir da hannuna. Yayanki ya ce, "Baba, irin wannan akwai kafasito a ciki, yana riƙe wuta ko an cire batir. A ɗan dakata minti biyar."

Na ce, "Kai, tafi can! Tun ba a haife ka ba nake cire batir. Sa hannu, mutum na jira."

Ya yi dariya, ya ce, "To, sarkin makanikai." Ya sa.

Ƙas ɗin da nake ji ba rana ba ce. Sifanarsa ce da ta faɗi kan siminti da azahar, sanda wutar ta ja shi. Na san ƙarar kowane ƙarfe a wurin nan.

Minti biyar ya roƙa, 'yata. Ni mai jiran batir kwana guda, na hana shi minti biyar. Mai motar bai ƙara waiwayarta ba, ni kuwa ban iya barinta. Yanzu kina so in sa yatsana a kawo injin gaggawa daidai inda ya faɗi?

Tela ya ajiye biro, ya ce ya isa haka. In za ki iya, ki yafe.
Mahaifinki

Baba,

Na karanta. Ina tafe ranar Asabar, kafin azahar. Maganar takardar na bar ta a gida.

Ka sa benci kusa da motar, mai ɗaukar mutum biyu.

'Yarka