Kamun Maƙerin Ba Nawa Ba Ne

Zuwa ga Yaya Mamman a Kano. Gaisuwa mai yawa daga Matamaye. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Gwaggo? Mu nan lafiya, sai dai barci da ya ƙaurace mini.

Murfin ƙarfen da ka aiko don ramin da muke ɓoye hatsi a ɗakin Inna ya iso a kan raƙumi. Muna ɗora shi ya zurma ciki, ya fasa tulun da ke ƙasa. Na ce maka kamu biyu, amma da hannuna na auna. Ashe maƙerin naka guntu ne! Wa ya ce ya auna da nasa?

Gara ta cinye tsohon katakon da ke rufe da ramin. Shekaranjiya ƙafar Inna ta burma, da ƙyar na riƙo ta. Ga masu karɓar hatsin Nasara sun fara zagaye a garin Tsauni, nan kusa da mu, kowane motsi a ƙofa sai gabana ya faɗi.

Ga igiya nan na ba Ɗan Kurni madugu. Ƙullin farko faɗi ne, na biyu tsawo. Maƙerin ya ƙara yatsu huɗu kowane gefe don murfin ya zauna a bakin ramin. Ƙarfen ya ɗauki nauyin mutum, zoben ɗagawa kuma ya kwanta, kada ya yi tudu ƙarƙashin tabarma.

A gai da Gwaggo da yara, a sa mu a addu'a. Don Allah, Yaya, igiyar za ka miƙa masa, kada ka bari ya ɗaga hannu.

Ƙaninka, Isuhu.