Kada Ka Sa In Sake Kiran Sunanka

Zuwa ga hasken idona da ya bar ni cikin duhu, ruwan randata mai sanyi, gawona da ya kaɗe ganye daidai lokacin da ruwa ke dukana, Baban Bushira, mai taurin kan da ko jakin amalanke bai kai shi ba. Ina gaishe ka, don ba a yi mini tarbiyyar ƙin gaida miji ba. Amma ka sani gaisuwar nan da haushi na rubuta ta.

Haba, rabin raina! Wai ni kake wa yaji? Namiji da gemunsa ya bar ɗakinsa ya tare a otogar, tashar motar Maraɗi, yana kwana kan benci kamar marar kowa? Musa, abokin tuƙinka da zai miƙa maka takardar nan, ya faɗa mini komai, kuma kada ka kama shi da faɗa, ni na matsa mishi. Ya ce ka rame, wando na zame maka. Ya ce bido guda na ruwa, jarka cike, ba ya kai maka azahar, kuma tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa sai ka yi ta tsayar da mota kana zagayawa bayan kalgo. Ya ce ka fara murza ido in fitila ta haske ka. Ga kwalbar insulin ɗinka, ta allurar ciwon sukari, nan a inda ka bar ta, cikin ƴar tukunyar da na binne a jiƙaƙƙen rairayi ƙarƙashin randa, tunda ba mu da firigo mai sanyaya kaya. Kullum sai na yayyafa mata ruwa. Kai kuwa kana can kana kwankwaɗar jiƙon sassaƙe mai ɗaci da wani ya sayar maka a kasuwar Jibiya. Allah ya isa tsakanina da mai sassaƙen nan!

Ka tuna bakin tafkin Madarunfa, shekarar da ruwa ya cika har ya taɓo gindin itatuwa? Kana wanke motar ubangidanka, ni ina wucewa da tiren soyayyen kifi. Ka saye kifin kaf, alhali kai kaɗai ne, ka zauna ka cinye shi a gabana don kada in ce ƙarya kake. Wayyo ni! Ranar na ce a zuciyata, wannan dai ba zai taɓa wahalar da mace wajen ci ba. Ashe ƙin ci ne zai so ya raba ni da kai, kuma a bakin tafkin nan dai.

Mi majo, babban ma'aikacin jinya, ya gaya mana a gidan likita ranar da aka gano ciwon sukari a jininka? Ina zaune kusa da kai, kunnena biyu. Ya ce allurar nan magani iri biyu ne aka gauraya a kwalba guda, mai saurin aiki da mai bi a hankali. A murza kwalbar tsakanin tafin hannu har ta yi fari bai ɗaya kamar nono. A yi ta kafin karin kumallo, a yi ta kafin tuwon dare. Kuma ya nanata, har da ɗaga yatsa: in an yi ta, sai an ci abinci, ba jira, ba sai an jima. Da kake bin wannan ba ka murmure ba? Kumatunka ba su dawo ba? Ba ni ke murza maka kwalbar da hannuna ba, ina jin kamar ranka nike juyawa?

Sai ranar kasuwar nan. Ka yi allura, na ajiye maka kunu da ƙosai suna tururi, ka ce layin duwan, ƴan kwastan bakin iyaka, ba ya jiran mai ci. Na bi ka da kwano har ƙofar gida, ka tada mota ka bar ni da hayaƙi. Ko tafkin ba ka wuce ba zufa ta karyo maka, hannu ya hau rawa, motar ta bar hanya ta faɗa gonar geron mutane, da mata cike a baya da buhunan wake. Allah ya tsare, ba wanda ya karye. Da na iso a kan kabu-kabu, ba mayafi, na tarar direbobi sun tsaya kallo, masu gonar sun kewaye ka suna turare, wai iskokin tafki ne suka taɓa ka. Ba laifinsu ba ne, abin da suka sani suka yi. Idonka a buɗe amma ba ka gane kowa. Ni da tunda aka kawo ni gidanka ban taɓa kama sunanka ba, ko a ɗaki, ko a mafarki, sai na ji bakina yana kwarma shi. Sama'ila! Sama'ila! Ina shafa maka zuma a cikin kunci ina kira, har ka juyo ka dube ni.

To wannan ne laifina? Wai na kunyata ka gaban direbobi, na kira ka gatsau kamar yaron gida, na tona wa duniya ciwonka, fasinja za su guje ka. Kuma wai allurar ce ta so kashe ka. Ƙarya kake, masoyina, kuma ka san ƙarya kake! Allura ta yi aikinta, cikinka ne ka bari wayam. Kunun da ka raina shi ya kayar da kai. Ba ka iya fushi da kanka ba, sai ka huce a kan kwalba da matar da ta tashe ka.

Ina jin haushinka har tuwo ba ya wuce mini. Kuma ina son ka, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Bushira ta daina tambayata yaushe za ka dawo, sai dai ta leƙa tukunyar allurarka ta rufe.

Saboda haka ka ji da kyau, ya sanyin idona. Ka dawo kafin kasuwa ta zagayo, mu koma wurin majo ya sake auna ka ya daidaita maka allurar. Ka ɗaga rigarka ka yi allurarka a cikin ɗakinka, ka ci abincinka a gabana kamar yadda ka ci kifina, ni kuma in mayar da sunanka inda na ɓoye shi shekara da shekaru. In kuwa ka ƙi, wallahi zan ɗora tukunyar nan a kai, da kwanon kunu a hannu, in shiga motar Maraɗi. Zan tsaya tsakiyar otogar, gaban direbobi da kamasho da mai shayi, in yi ta kiran sunanka har sai ka fito. Ka yi fushi, ka ƙaurace mini, ka kai ƙarata wurin iyayena. Duk na ɗauka. Gara in kira shi da bakina kana da ran da za ka harare ni, da in zauna cikin takaba ina jin wasu na faɗinsa, sun sa mishi marigayi a gaba.

Taka ce, da fushin da son duka, ba ta da wani kuma ba za ta yi ba har a binne ta,

Ɗelu