Maganin da ya dawo min da mijina ya hana shi kukan mahaifiyarsa

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a taimaka a ɓoye sunana. Ni matar aure ce daga wani ƙauye kusa da Wara, don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Maigidana direban jirgin ruwa ne, yana tsallakar da mutane ranar kasuwa. Bara jirginsa ya daki kututturen itace a ƙarƙashin ruwa ya kife, aka rasa rayuka har da yara. Shi ya fita da ransa, amma ba ci, ba barci, sai ya je bakin ruwa ya zauna ya zuba masa ido, wata rana da bakinsa ya ce min da ma shi ruwan ya ɗauke. An yi rubutu an yi hayaƙi, a ƙarshe ƙanina ya ja shi asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora shi kan magani.

Ni kuwa na tsare likitan da tambaya, don ba na ba mijina abin da ban sani ba. Ya ce akwai sinadarai masu kai saƙo tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ɗaya sunansa serotonin, maganin yana hana jijiya saurin tsotse shi ne, ya daɗe yana aiki, hankali ya kwanta. Amma wasu yakan danne musu ɗayan, dopamine, mai sa mutum ɗoki da jin daɗin abu, in na ga haka mu koma, kuma kada a kuskura a yanke shan sa lokaci ɗaya.

Alhamdulillah ya samu sauƙi, har ya koma kan jirgi. Sai watan jiya Allah ya yi wa Inna, mahaifiyarsa, rasuwa. Shi ya shiga kabari ya kwantar da ita, ya fito ido a bushe. A zaman makoki kowa sai yaba tawakkalinsa yake, ana cewa a yi koyi da shi, ni kuwa ina cikin mata zuciyata na ƙuna, don na san ba tawakkali ba ne. Da aka watse ya ce min shi bai ji komai ba, kamar buhun shinkafa ya ajiye.

Yanzu rigimarmu kullum ɗaya ce, yana so ya bar maganin kafin sadakar arba'in. Na ce mu koma wurin likita a canza masa wani, ya ce in aka sake ganin sa a ɓangaren masu taɓin hankali babu mai ƙara shiga jirginsa. Yau da safe na miƙa masa ƙwayar, ya riƙe ta a tafin hannu ya ce, "Ki bar ni in yi ma Inna kuka ko sau guda, in ya so in ci gaba da sha." Wallahi tausayinsa ya kusa kashe ni, amma tsoro nake ya daina ya koma zaman bakin ruwa.

Jama'a yaya zan yi? In ƙyale shi, ko in ci gaba da tsare shi yana min kallon wadda ta raba shi da uwarsa? Wanda ya taɓa shan irin maganin nan ya faɗa min gaskiya, hawayen yana dawowa kuwa?